Hannun Mahauci

Mijina ba ya son ƙaninsa ya kalli shanunsa. Ban ce taɓawa ba, kallon ma kawai. Ƙanin nasa mahauci ne, kuma shi ne autan ɗakinsu, shi ya sa har yau da furfura ta fara fito masa a gemu Auta muke ce masa. Duk ranar da ya zo gidanmu ya jingina da shingen garke, sai ka ga maigidan ya kasa zaune ya kasa tsaye, har sai ya ƙirƙiro dalilin da zai ja shi su koma cikin gida. Wai shi a ganinsa Auta ba saniya yake gani ba. Cinya yake gani da ƙirji da hanta, yana rarraba ta a ransa tun tana tsaye tana tuƙa.

Na sha gaya masa wannan ba adalci ba ne. Ni tela ce, ko a layin asibiti na ga mace sai idona ya auna mini faɗin kafaɗarta, kuma hakan bai sa na zama maƙiyiyar kowa ba. Sai ya ce ai ni idan na gama awon, matar da ƙafafunta take komawa gida.

Ba faɗa suke yi ba. Da faɗa ne ma da ya fi mini sauƙi, don shi ana yi a gaji a bari. Suna gaisawa, wannan ya yi ciwo wancan ya je dubiya. Amma saniya ta haihu, maigidan zai kira maƙwabta, ya kira mai sayar masa da dusa, ya kira har mutumin da ya manta sunansa, ban da Auta. Shi ba a tuna shi sai dabba ta karye a ƙafa, ko ta kwanta ta kasa tashi. Wata rana yana zaune a rumfar da nake ɗinki, ina rage masa tsawon wando, ya ce mini, "Matar Yaya, ni fa idan na ga kiran Yaya a waya, sai na fara laluben wuƙa kafin in ɗauka." Ya yi dariya, na taya shi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don na ga abin yana yi masa ciwo, kuma ni ina son Auta tun ina sabuwar zuwa gidan yana shigowa yana cinye mini abincin miji.

Gidanmu yana can gefen gari, inda kwalta ta ƙare. Rumfar ɗinkina tana gaba, garke yana baya, gona tana bayan garken. Ƙananan shanu maigidan yake kiwo, ya sayo maruƙan da aka yaye ya raine su, sai 'yan manyan mata da ya ajiye saboda haihuwa. A cikinsu akwai wata karsana ja mai farin goshi, wadda ba ta cika shekara ba. A hannunmu aka haife ta, uwar ba ta da nono, shi ya shayar da ita da kwalba. Ni na raɗa mata 'Yar Gata, saboda idan hadari ya taso ita yake fara shigarwa rumfa, ni kuwa in yi ta kokawa da kayan shanya ni kaɗai.

Kada a ce mutumin bai san aikinsa ba. Ya sani, har ya ishi mutane da shi. Da damina ta faɗi, ba ya sakin ƙananan nan a kan ɗanyen ganye da yunwa a cikinsu. Sai ya fara cika musu ciki da busasshiyar ciyawa, ya jira rana ta ɗaga ta shanye raɓa, sannan ya buɗe musu. Ya ce sabon ganye mai laima, musamman na wake, idan ƙaramar dabba ta afka masa da yunwa, kumfa yake yi a tumbi. Iskar da ya kamata ta fita ta gyatsa sai ta maƙale a cikin kumfar, ciki ya yi ta cika har ya danne huhu. Duk wanda ya zo sayen maraƙi sai ya sha wannan karatun, har ni da ba ni da ko akuya na haddace shi.

A daminar nan ya ware wani yanki na gonar ya shuka wake zalla don ganye, ya kewaye shi da shinge. Ganyen ya yi kyau, ba ƙarya. Ranar da abin ya faru an yi ruwa da asuba, gari ya waye ganyen yana ta sheƙi. Bai riga ya zuba musu ciyawar safe ba, sai ga 'Yar Gata ta ɗora haɓa a kan shinge tana kallon waken tana kuka. Ina jin sa daga kicin yana ce mata, "To, to, na ji. Zo ki ɗan lasa." Ya buɗe mata ita kaɗai, da niyyar ya fito da ita nan take. Ana cikin haka injin da ke jawo musu ruwa ya yi tari ya mutu. Ya tafi duba shi, ya kwance wannan ya ɗaura wancan, hannu duk baƙin mai. Ita kuwa tana can tana ci.

Ni na fara ganinta. Na fita zubar da ruwan wanke-wanke, sai na hango ta tsaye a tsakiyar waken ta ware ƙafafu, ta miƙa wuya, baki a buɗe, dalala tana zuba. Kwiɓinta na hagu ya kumbura har ya zarce ƙashin bayanta. Tana ɗaga ƙafar baya tana harbin cikinta. Na saki bahon na ƙwala masa kira.

Ya zo da gudu ya ɗan doki kwiɓin da yatsu, ya yi ƙara kamar ganga. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Amma dai bai ruɗe ba. Ya ce in kawo man girki, duk wanda ke gidan. Ya ɗura a kwalba ya riƙa zuba mata ta gefen baki a hankali, ba tare da ya ɗaga mata kai sosai ba don kada ya bi ta huhu, wai man yana fasa kumfar. Ya yanko tiyo ya zura mata ta maƙogwaro, ɗan koren kumfa ya leƙo, sai tiyon ya toshe. Ya zare shi, ya gitta mata sanda a baki ya ɗaure da igiya ta bayan ƙaho, don ta yi ta tauna ko gyatsa ta zo. Muka ja ta zuwa tudun yashin da muka tara don gini, ƙafafun gaba a sama, na baya a ƙasa, yana murza kwiɓin da dunƙulen hannu. Gyatsar ba ta zo ba.

Likitar dabbobin da ke duba mana garke ta ɗauki waya, amma tana wani ƙauye mai nisa tana allurar rigakafi, hanya kuma duk taɓo. Ta ce ga ta nan ta taso, mu ci gaba da abin da muke yi. Idan kuwa harshen ya fara duhu ko dabbar ta faɗi, to babu sauran jira, sai a huda cikin.

Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika bakin shinge, kowa da maganinsa. Wani ya ce a zaga da ita da gudu, wani ya ce a ɗura mata kananzir, maigidan ya harare shi. Sai wani dattijo ya faɗi abin da ke ran kowa: "Malam, a sa mata wuƙa tun da sauran numfashi. Kada ka yi asarar dabba ka yi asarar nama." Maigidan ya yi kamar bai ji ba. Ni kuwa na zagaya bayan rumfa na kira Auta. Ban san me nake so ya zo ya yi ba. Na dai san idan har za a sa wa 'Yar Gata wuƙa, gara ta ɗan'uwa.

Ya iso a babur, ko rigar aiki bai cire ba, jini a gabanta, wuƙaƙe a kube a ƙugu. Maigidan ya ɗago ya gan shi, nan take ya ɗaure fuska.

"Wa ya kira shi?"

Na ce, "Ni."

Ya dubi ƙanin nasa ya ce, "Ba ta mutu ba tukuna."

Auta ya ce, "Na gani, Yaya." Ya tsaya daga wajen shinge tare da sauran mutane, hannuwa a baya.

Ba a jima ba gwiwoyinta suka lanƙwashe. Ta zube ta gefen dama, ido ya juye, harshen ya yi shuɗi-shuɗi. Mutane suka hau salati. Maigidan ya yi ta ƙoƙarin ɗaga ta, ta ƙi ɗaguwa. Can ya sake ta, ya miƙe, ya juya baya. Ba tare da ya kalli kowa ba ya ce, "Shigo ka yi abin da ya kawo ka."

Auta ya tsallako shingen, sai dai bai nufi wuyanta ba. Ya durƙusa a gefen cikin, ya ɗora tafin hannu a kan kumburin, ya ce mini, "Matar Yaya, kira mini likitar nan."

Na kira, na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Maganarta tana katsewa saboda gargadar hanya, amma mun fahimta. Ta ce gefen hagu, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, inda kumburin ya fi tsini. Ta ce ya sami siririyar wuƙa, ya saita bakinta wajen ƙafar gaba ta dama. "Sokawa za ka yi, kada ka ja. Kuma kada ka zare wuƙar sai an zura tiyo ta gefenta. Ka ji ni?"

"Na ji, Likita. Cikin saniya kam, wanda na buɗe ya fi gashin kaina yawa. Na san inda tumbi yake."

"Na matattu ka buɗe," in ji ta. "Wannan yana motsi."

Auta ya ɗago ya kalli bayan yayansa. "Yaya, idan na yanka yanzu kana da nama. Idan na huda ta mutu a hannuna, ba ka da komai. Dabbarka ce."

Maigidan ya juyo a hankali. Ya kalli Auta kamar ranar ya fara ganinsa, ya ce, "Huda."

Na zuba wa ƙaramar wuƙarsa ruwan zafi daga fulas. Ya lalubi wurin da babban yatsa, bai ko yi shakka ba, ya yi bismillah ya soka. Wurin kam ya samu daidai, ko likitar sai haka. Amma ni da nake tsaye a kansa da tiyo a hannu na ga abin da ya biyo baya. Wuyan hannunsa ya karkata ya ja, irin jan da yake yi kullum a mayanka tun yana saurayi. Wuƙar ta buɗe wuri ya kusa faɗin tafin hannu, ta fito, har ya goge ta a cinyarsa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Koren kumfa ya yi tsartuwa ya wanke mana jiki, da wari mai hawa kai. Kumburin ya fara sacewa a kan idonmu. 'Yar Gata ta ja wani dogon numfashi, ta sake ja, ta ɗaga kai. Mutane suka ɗauki sowa. Maigidan ya faɗa kan ƙaninsa ya riƙe masa wuya yana girgiza shi, yana dariya hawaye suna zuba, yana cewa, "Auta! Kai, Auta!" Auta kuwa ya fizgi tiyon daga hannuna yana ta ƙoƙarin zurawa, amma da tumbin ya sace sai ya janye daga jikin fatar, sai da ya sha wahala kafin ya samo kafar. Da ya gama ya zauna a ƙasa yana kallon hannunsa na dama.

Likitar ta iso rana ta take tsaka, taɓo har gwiwa. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki, ba ta ɓata lokaci a gaisuwa. Ta wanke wurin, ta zura hannu ta duba, ta ɗinke ciki da waje, ɗinkin da ni kaina na yaba, ta yi allurai. Tana wanke hannu ta ce, "Da ba a huda ba, da yanzu mushe kuke ja, wannan ku sa shi a ranku. Amma yankan ya yi faɗi, kuma abin cikin tumbi ya zuba a cikin ciki. Na kwashe wanda na iya. Saura sai mu ga yadda jikinta zai yi." Ba ta kalli Auta ba lokacin da take faɗa, shi ma bai kalle ta ba. Maigidan yana can yana shafa goshin karsanar, ban san ko ya ji ba.

Washegari ya ɗauki lauje ya yanke waken nan tas, ya shanya shi a kan rumfa ya bushe. Ina tsaye ina kallonsa, karatun nan nasa na raɓa da kumfa yana kan harshena, saura kaɗan in biya masa shi daga farko har ƙarshe. Ni da ba na iya haɗiye magana, ranar na haɗiye. Yadda yake sarar ganyen ya nuna mini ya riga ni biyawa.

Daga ranar Auta ya zama ɗan garke. Da sassafe kafin ya wuce mayanka sai ya biyo, da yamma kuma ya dawo, bayan ya yi wanka ya canza riga, wai kada su ji ƙarnin jini. Shi ke wanke ciwon da ruwan gishiri, ya shafa maganin ƙuda, ya tsinto busasshiyar ciyawa mai laushi ya riƙa ba ta a baki. Maigidan ya koya masa yadda ake kara kunne a kwiɓi a saurari motsin tumbi. Har karatun da duk garin ya gaji da shi ya zauna ya yi masa, sai a lokacin na lura Auta ne kaɗai bai taɓa jin sa ba. Ya saurara baki a sake, yana tambaya, "To idan raɓar ta bushe amma ganyen sabo ne fa?" Maigidan kuwa ya sami abin da yake so, ya gyara zama.

Na leƙa wata yamma na same su a bakin kwamin ruwa, kofin shayi ɗaya suna karɓa-karɓa, suna gardama a kan wani bijimin babansu da ya mutu tun suna yara, ko baƙi ne ko ja. Wata safiyar kuma na ji maigidan yana cewa, "Zo ka taɓa nan." Ya kama hannun Auta ya ɗora a gefen wata saniya mai ciki don ya ji ɗan yana motsi. Auta ya zabura ya ja da baya yana dariya, sannan ya dawo ya sake ɗorawa da kansa. Duk zaman da na yi a gidan nan ban taɓa jin daɗin da na ji a 'yan kwanakin ba, alhali ga dabba kwance da ciwo.

Amma Auta bai saki jiki ba. Ya zo rumfata wata rana ya zauna ya yi shiru, abin da ba halinsa ba.

Na ce, "Yau kuma bakin naka aro ka bayar?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin gani, ko?"

"Na gani."

"Wallahi na ji abin da ta ce. Kunnena ya ji, kaina ya ɗauka. Hannun ne bai ji ba."

Na ce masa ni ma ko a mota nake zaune sai in tsinci ƙafata tana taka keken ɗinkin da babu shi. Abin da hannu ya yi shekara da shekaru yana yi, ba a hana shi da magana ɗaya a waya. Ya gyaɗa kai, amma na ga maganar ba ta shige shi ba.

"Idan ta tashi, shi ke nan," in ji shi. "Idan ba ta tashi ba, Yaya zai ce dama me ake jira daga mahauci. Sai in koma bayan shinge."

"Yayanka ba haka yake ba."

"Haka yake, matar Yaya. Ke ma kin sani."

Na koma kan ɗinkina, don na sani ɗin.

Da farko kamar za ta tashi. Ta miƙe, ta sha ruwa, har ta fara ɗan tuƙa. Sai kuma jikin ya juya. Hancinta ya bushe, kunnuwa suka ɗau zafi, ta ƙi abinci. Ta riƙa tsayuwa a takure, bayanta ya yi doro, tana cizon haƙora, ko taɓa cikin aka yi sai ta yi nishi. Likitar ta dawo ta canza allura, ta sake dawowa ta ƙara wata. Auta ya daina zuwa mayanka gaba ɗaya, ya bar wa abokan aikinsa teburinsa. 'Yan'uwan biyu suka daina gardamar bijimi, sai zama kawai, wannan a gefe wancan a gefe, ita a tsakani. Ta rame har haƙarƙarinta suka fito, ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba.

Zuwan likitar na ƙarshe ko jaka ba ta buɗe ba. Ta durƙusa ta daɗe tana taɓa cikin, sannan ta ce, "Malam, ciki ya cika da mugunya. Ba ni da sauran abin yi, kuma wahala kawai take sha. Ku hutar da ita. Naman kuma ba na ci ba ne, ga ciwo ga magungunan da ke jikinta. Binnewa za ku yi." Maigidan ya yi mata godiya. Ya raka ta har bakin mota, ya dawo ya ɗauki shebur.

Kafin rana ta yi sanyi ya gama haƙa rami a ƙarshen gona. Shi da Auta suka ɗora ta a kan tamfol suka ja ta zuwa bakinsa, don ba ta da sauran nauyin kirki. Babu maƙwabci ko ɗaya a bakin shinge, tunda babu nama. Na bi su da butar ruwa. Ba wanda ya ce wa Auta ya zo da wuƙa, amma ya zo da ita, babbar. Ya zauna a gefe yana wasa ta a dutse, ya gwada a gashin hannunsa, ya sake wasawa, ya yi ta yi har na gane ba kaifi yake nema ba.

Daga ƙarshe ya taso ya durƙusa a wajen wuyanta. Ita kuwa ta saba hannun nan abinci yake kawo mata, sai ta miƙo harshe ta lashi bayansa. Na ga bakin wuƙar yana rawa. Mutumin da ke kayar da bijimi yana hira da na kusa da shi, yau ga shi ya kasa riƙe ƙarfe. Ya ɗora, ya ɗage. Ya share fuska da hannun riga.

"Yaya," ya ce, kansa a ƙasa. "Ni na ja wuƙar. An ce in soka, na ja."

"Na gani. A gabana aka yi."

Auta ya ɗago. "Ba ka ce komai ba."

"In ce me? Wa ya buɗe mata waken?" Maigidan ya jingine shebur, ya zo ya tsaya a kansa, ya miƙa hannu. "Ba ni."

Maigidan nan ko kaza za a yanka a gidanmu sai dai a kai wa maƙwabci, shi kuwa nan take zai tuna yana da aiki a gona.

Auta ya ce, "Ba ka iya ba, Yaya. Wahalar da ita za ka yi."

"Da wannan hannun naka mai rawa kai ma wahalar da ita za ka yi. Kai ka yi jinyarta, ba zan sa ka wannan ba." Bai janye hannun da ya miƙa ba. "Nuna mini wurin, sannan ka koma can ka riƙe mata kai. Da kai ta fi sabawa yanzu."

Auta ya juya wuƙar ya miƙa masa ta wajen mariƙi. Ya kama yatsan yayansa ya ɗora a ƙasan muƙamuƙinta ya ce nan, ya gyara masa durƙuso, ya gyara masa riƙo. Ya zagaya ya zauna a ƙasa, ya ɗora kanta a cinyarsa, ya rufe mata ido da tafin hannu.

"Da ƙarfi, Yaya, kada ka tsaya a hanya. Wannan karon ja ake yi."

Maigidan ya ce, "To."

Na ajiye musu butar na juya na nufi gida. Ban kai bakin garke ba na ji kuka a bayana, irin na babban mutum da ya daɗe bai yi ba. Ban waiwaya in ga na wane ne ba.